Babi na Shida: Motar Kara

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ta Dambatta, ko ya ɗauki ta Katsina ta Bichi, a ƙarshen kaka bayan an kwashe amfanin gona, zai ratsa ƙasar da kusan babu taku ɗaya a cikinta da ba shi da mai shi. Gona na manne da gona, iyakarsu ba ta wuce layin gamba ko 'yan itatuwan lalle ba, ƙauye kuma na hangen ƙauye. Daga Ungogo da Minjibir da Gezawa har Dawakin Tofa da Makoɗa haka abin yake. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar da karkarar cike da jama'a da gonaki. Shekaru fiye da ɗari bayansa masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Jami'ar Bayero, ya nuna yadda manoman yankin ke noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinsa da takin dabbobi da sharar birni da ake kawowa a mangala bisa jakuna. A irin wannan ƙasa komai da aikinsa. An bar gawo a tsakar gona saboda 'ya'yansa da takin ganyensa, ɗorawa saboda kalwa da makuba, kuka saboda miya, harawar wake da ta gyaɗa kuma an ɗora ta kan reshe don awaki su samu ta ci da rani. Ɗan wannan yanki yakan koyi kallon abu ta fuskar amfaninsa tun bai iya riƙon fartanya sosai ba, kuma da wannan kallon ne jama'a suka rayu zuriya bayan zuriya a wurin da masu hasashe suka sha cewa ƙasar za ta mutu.

Ɗauki karan dawa kawai. Magidanci na ganin danni da rumfa da gado a jikinsa, uwargida na ganin makamashi da toka, mai kiwo na ganin karmami, dukawa na neman karan dafi don rina fata ja, almajiri kuma yana feƙe alƙalami. Lissafin ya cika, babu abin da ya yi saura. Sai ga yaro ɗan shekara bakwai ya zari kara ɗaya daga damin, ya ɓare ɓawon siri-siri, ya yayyanka totuwar gaɓa-gaɓa, ya riƙa soka wannan cikin wancan. Kafin la'asar ya fito da babbar mota mai bodi da tsani da madubin gefe, tayoyinta na sakaina ko na tsohon silifas, har da ɗan wurin da yaron mota zai maƙale. Ƙanensa da bai kai ga haka ba ya hau wani karan ya mai da shi doki, yana sukuwa yana ja masa linzami. Wani ya yi tabarau ya ɗora a hanci, yana taku irin na malamin asibiti. 'Yan mata na can gefe da 'yar tsana, ana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani ana shirin kai amarya. Idan damina ce, bayan ruwa ya ɗauke, bakin kududdufi ne ma'aikatarsu, inda ake murza yumɓu a fitar da shanu masu tozo da ƙahoni. Babu wanda ya sa su, babu kuma wanda zai biya su.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan babi shi ne, mai fasaha, magini ne ko maɗinki ko mawaƙi ko mai zane, mutum ne da ya girma bai yarda amfanin abu ya rufe masa sauran fuskokinsa ba. Ya san kara makamashi ne kamar yadda kowa ya sani, zai ma iya dafa shayi da shi, amma bai daina ganin motar da ke ciki ba. Ana yawan cewa masu fasaha suna kallon duniya da idon yara, sai mai sauraro ya ɗauka ana nufin wauta, ko rashin sanin ya kamata, ko wani tsarkin zuciya da babu shi a wajen kowa. Abin ya fi haka ƙanƙanta kuma ya fi haka tabbas. Yaro bai gama rantsuwa da cewa kowane abu aiki ɗaya gare shi ba, shi ke nan. Babba ya gama, domin rayuwa ta tilasta masa, kuma da gaskiyarsa, wanda zai ciyar da mutum goma daga kadada ɗaya ba shi da lokacin tsayawa kallon siffar gajimare sai dai don ya san ko hadari ne. Mai fasaha shi ne wanda ya ɗauki nauyin manya amma ya ƙi sakin wancan ido na farko.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan abu, kuma sakamakonsu ya dace da abin da ake gani a bakin rumbu. Karl Duncker, a aikinsa da aka buga da Turanci a 1945, ya ba mutane kyandir da ashana da ƙananan ƙusoshi a cikin ɗan kwali, ya ce su kafa kyandir ɗin a bango. Mafita ita ce a zazzage ƙusoshin, a kafe kwalin a bango ya zama mazaunin kyandir. Da yawa suka kasa, domin da zarar sun ga kwali da kaya a ciki, ya zama ma'aji a idonsu, ba ya sake zama wani abu. A shekarar 2000 Tim German da Margaret Defeyter suka yi irin wannan gwaji da yara. Aikin shi ne a taimaki wata 'yar tsana ta ɗauko abin wasa daga kan kanta mai tsayi, kuma sai an kife akwati an taka sannan a kai. Yara 'yan shekara shida da bakwai sun ɗauki lokaci mai tsawo idan an fara nuna musu akwatin da kaya a ciki, amma 'yan shekara biyar ko a jikinsu, cike ko wayam duk ɗaya ne. Wato ƙaramin ya riga babban ga mafita saboda bai riga ya ɗaure akwati da aiki ɗaya ba. Kada a ce wannan ciwon 'yan birnin Turai ne masu tarin kayan ƙere-ƙere, domin a 2005 German da Clark Barrett sun sami irin wannan ɗaurewar kai a wajen matasan ƙabilar Shuwar da ke dazukan ƙasar Ikwado. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe, ga shi kuwa turken yana kafuwa tun ana shekara shida.

To su wane ne suka tsinke daga turken? A duba bangayen gidajen ƙasa na Kano da Zariya na tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Magina sun gaji dagi da takobi da sauran zanen kakanni, amma da sababbin abubuwa suka shigo ƙasar sai ga su a fuskar zaure: keke, agogo, mota, jirgin sama, an fitar da su da yumɓu an shafe da launi. Anthony Kirk-Greene ya tattara irin waɗannan na Zariya a wani ɗan littafi a 1963. Maginin da ya ɗora keke a saman ƙofar attajiri ya yi daidai abin da yaro ya yi da kara, ya ga baƙon abu ya burge shi, ya ƙi barinsa ya wuce sai da ya sake ƙera shi da kayan da ke hannunsa. A fagen waƙa ma haka ne. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami, amma ya yi wa keke waƙa sukutum, abin da masu ido dubu suka hau suka sauka ba su ga komai a jikinsa ba sai abin hawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ganin da ake magana a kai ba a ƙwayar ido yake zaune ba. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, Mamman Shata, mutumin Musawa, ya ɗauki labarin kumbon Apollo 11 ya saka shi a bakin kalangu, ya shigar da shi kunnen manoma da direbobi. Wani zai ji labarin a rediyo ya ce ikon Allah ya ci gaba da harkarsa. Shata bai iya wucewa ba.

Al'adar karkara ta san darajar wannan ido, har ta yi masa makaranta, ko da ba ta kira ta da wannan suna ba. Kacici-kacicin da ake yi da dare a tsakar gida horo ne na ganin abu a wata kama. Idan aka ce baba na ɗaka gemunsa na waje, ana so yaro ya kalli wuta da hayaƙi ya ga tsoho, idan aka ce shanu dubu maɗaurinsu ɗaya, ana so ya ga garke a jikin tsintsiya. Wanda ya kasa sai ya ba da gari. Tatsuniya ta ɗauki gizon da ke saƙa a kusurwar ɗaki ta ba shi mata da tsamin baki da wayon da ya fi ƙarfin zaki. Tashe kuwa, da ake farawa idan azumi ya kwana goma, shi ne babban dandali. Auduga ta zama gemu, tsumma ya zama tumbi, bula da baƙin tukunya suka mai da ɗan shekara goma tsoho mai sanda, yara su bi gida-gida suna kwaikwayon malami da boka da maigida da mai rowa, manya na dariya suna ba da hatsi alhali da su ake. Al'ummar da ake yi wa kallon mai tsananin kunya da girmama na gaba ta ware kwanaki a shekara ta ce wa yara su nuna mata yadda suke ganinta. Masu wasan kwaikwayo da yawa da suka yi suna a rediyo da talbijin da finafinan Kano a irin wannan fili ƙafarsu ta fara sabawa.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ta farko ita ce ta fi ƙarfi. Za su ce ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Motar kara ba ta kwana uku, saniyar yumɓu tana tsagewa da rana ta buge ta. Sana'a a ƙasar Hausa gado ce da biyayya. Ɗan magini yana shekaru yana kwaɓa ƙasa da miƙa tubali kafin a bar shi ya taɓa azara, mai koyon ɗinki yana maimaita aska biyu da aska takwas yadda ya gan su a wajen maigidansa, masaƙan Minjibir ba kowa ke ƙirƙiro nasa zubin ba. Ina al'ajabi a nan, in ji su, ban da haƙuri da maimaici? Rabin wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce yaro da gwani ɗaya ne bai taɓa tsayawa ƙarƙashin rufin da gwani ya ɗaure ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarim, lissafi ne tsantsa: nauyin ƙasa nawa azarar giginya za ta ɗauka, yaya za a jera gajerun azara su hau juna har bakan gizo ya haɗe a sama, ina nauyin zai sauka. Darajar aikin ta sa aka sake gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. Babu yaron da zai yi wannan. Wani gwaji da Angelina Hawley-Dolan da Ellen Winner suka buga a 2011 ma ya taɓa wannan batu. Sun jera zanen ƙwararrun masu zane na zamani, irin wanda mutane ke cewa ai ɗana ma zai iya, kusa da na yara da birai da giwaye, sai masu kallo suka fi zaɓar na ƙwararrun, har a lokacin da aka sauya sunayen da gangan don a ruɗe su. Hannun da ya horu yana barin alama.

Sauran rabin ne masu wannan hujja ba su duba ba. Idan horo kaɗai ne, me ya sa cikin magina ɗari da suka sha horo iri ɗaya mutum ɗaya ake kira gwani? Kowa a kasuwar hula ya san akwai hular da aka cika ƙa'ida a ɗinkinta amma ba ta cewa komai, akwai kuma wadda mai ɗinkin, sau da yawa matar aure ce a cikin gida tana yi tsakanin girki da raino, ta karkatar da zane kaɗan ko ta haɗa zare biyu da ba a saba haɗawa ba, sai hular ta tsayar da mai wucewa. Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke bayan takardar naira 20, ta koyi ginin tukwane ne a gida kamar sauran 'yan matan garinsu. Abin da ya sa Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye tukwanenta, har maginin tukwane Michael Cardew ya gan su ta shiga cibiyarsa a 1954, shi ne ƙadangaru da kunamu da kifaye da hawainiya da take zanawa a jikinsu, halittun da kowa ke gani kullum ba ya ɗaga kai. Marubucin Faransa Charles Baudelaire ya kai ga wannan ra'ayi tun 1863, inda ya ɗauki hazaƙa a matsayin yarintar da mutum ke iya komawa cikinta idan ya so, amma da ƙarfi da basirar babba a hannunsa. Paul Klee, ɗaya daga manyan masu zanen Turai na ƙarni na 20, ya saka wasu zanen da ya yi yana yaro a kundin ayyukansa, duk da shekarun da ya yi yana koyon zane a birnin Munik. Saboda haka karin maganar nan ta cewa ta yaro kyau take ba ta ƙarko ba ta rushe komai ba, ta ma raba aikin ne yadda ya kamata. Kyau daga idon yaro yake, ƙarko daga hannun babba, wanda ya haɗa biyun shi ne gwani.

Hujja ta biyu ta tarihi ce, kuma dole a yi taka-tsantsan da ita. Kalmar yarinta makami ce da aka daɗe ana dukan baƙar fata da shi. Lugga, wanda sojojinsa suka ci Kano a 1903, ya siffanta 'yan Afirka da ɗabi'un yara a littafinsa na 1922, kuma a kan wannan ya kafa dalilin mulkarsu. Turawan da suka kwashe sassaƙe-sassaƙen Afirka sun sha kiransu aikin mutanen da hankalinsu bai balaga ba, idan kuma aikin ya fi ƙarfin raini sai a ce ba su suka yi ba, kamar yadda Leo Frobenius ya ga kawunan Ife a 1910 ya danganta su ga wata ɓatacciyar al'umma ta tatsuniyar Girkawa. Mai karatu na da haƙƙin tambaya, shin wannan babi ba tsohon zagin ba ne aka sake wa riga? Amsar tana ga wanda ake jingina wa siffar. Su sun jingina yarinta ga al'umma baki ɗaya don su ce ba ta iya lissafi ba. Manomin Bichi da ke juya fili ɗaya shekara da shekaru bai gaji ba ya isa ya ƙaryata su, shi ne ma mutumin da lissafi ya yi wa yawa. Abin da ake faɗa a nan ya shafi mutane ƙalilan ne a kowace al'umma, a Faris ko a Gezawa, kuma an ɗora shi a kan Klee kamar yadda aka ɗora shi a kan maginin Zariya.

Hujja ta uku ta fi sosa rai. Za a ce yaron ƙauye na yin motar kara ne don ubansa ba shi da kuɗin ta roba, kuma mai ƙoshi ne kawai zai zauna yana yaba talaucin wani. Wannan gargaɗi ne mai kyau. Babu abin sha'awa a yaron da ke yini a talla ko a bayan shanu lokacin da sa'o'insa ke aji, kuma yunwa ba ta taɓa ƙara wa kowa basira ba, tana dai cinye wadda ke akwai. Sai dai a lura da abu ɗaya. Rashi na iya bayyana dalilin da ya sa aka yi motar da kara, amma ba ya bayyana madubin gefe da tsani da ɗan rubutun da ake kwaikwaya a goshinta. Don a ja abu a ƙasa, gwangwani da zare sun wadatar. Ƙarin da yaron ya yi ya fito ne daga tsayuwar da ya yi a bakin titi ranar kasuwar Dambatta yana ƙare wa manyan motoci kallo, har ya san inda tankin mai yake da yadda ƙofar baya ke buɗewa. Ɗan mai kuɗin da aka saya wa mota 'yar Sin, an ba shi abin wasa an kuma ɗauke masa dalilin yin wannan kallo, shi ya sa sau da yawa yakan fasa ta ya ga abin da ke ciki, a yi ta yi masa faɗan ɓarna. Abin da ya kamata a nema wa yaron karkara shi ne abinci da makaranta, ba tare da an karɓe masa wannan idon a matsayin kuɗin shiga ba.

Saura masu cewa duk wannan wasa ne, wasa kuwa kishiyar hankali da natsuwa ne, abubuwan da tarbiyyar Bahaushe da addininsa suka fi so. Su ne masu kawo maganar cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Haka ne a sha'anin aure da rikicin gona da zaman duniya. Amma akwai abin da yaro ke gani a gindin rimin wanda babba ya daina gani don yana hangen nesa. Gawo na zubar da ganye da damina lokacin da kowane itace ke kore, ya yi ganye da rani lokacin da sauran suka bushe. Manomi ya san amfanin haka sarai, gero na samun rana a ƙarƙashinsa, dabbobi na samun inuwa da abinci a bazara. Yaro ne kawai zai tsaya ya tambayi dalilin da ya sa wannan itace ya saɓa wa 'yan uwansa, kuma daga irin wannan tambaya ake samun mawaƙi, daga ita ake samun masanin tsirrai. Addini kuwa bai hana wannan tsayuwa ba, kira ma yake a yi ta. Suratul Gashiya, wadda yaran makarantar allo ke haddacewa tun suna ƙanana, tana jan hankalin mutane su dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, abubuwan da Balarabe ya fi sabawa da su a duniya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakan Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan suranta abu mai rai, kuma masu fasahar ƙasar Hausa sun bi da basirarsu ta inda aka yarda, shi ya sa ta zuba a dagi da zanen ƙwarya da faifai da lalle da jeren ɗakin amarya, da zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, inda tawada da launi ke zagaye ayoyi da ƙawa.

Barazanar da ke fuskantar wannan ido a yau daga wani wuri take. Bulo da siminti da kwanon rufi sun kori ginin ƙasa a yawancin garuruwan da ke bakin titi, kuma ba a zargin kowa, domin yaɓe duk shekara wahala ce, ruwan sama mai ƙarfi kuma na rusa katanga. Amma bangon siminti da aka shafe da fenti ɗaya ba ya neman magini ya yi tunani, tsofaffin da suka san haɗin makuba da laso kuma suna ƙarewa ba magada. Roba ta maye gurbin ƙwarya da tukunya. Hira a tsakar gida ta koma kan waya, yaro na kallon abin da wani ya riga ya gama hasashensa. Ba a komawa baya, kuma ba kowane sabon abu ne asara ba, domin yaron da ke haɗa mota mai tafiya da batir da injin tsohuwar rediyo jikan mai motar kara ne kai tsaye, haka ma matashin da ke zane a kwamfuta a Kano. Wurin da abin ya fi ban takaici shi ne makaranta, inda ya kamata a ce an karɓi aikin da tsakar gida ta saki. Darasin al'adu da fasaha na cikin manhajar firamare, amma a makarantu da yawa ya koma rubutu a allo, a haddace ma'anar launi a rubuta a jarrabawa, hannu bai taɓa yumɓu ba. Aikin hannu na ƙarshen zango kuma ya zama a kawo tsintsiya ko sabulu daga kasuwa, ko a ba da kuɗi a sami maki.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ana ta maganar azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai, kuma duk ana bukatarsu. Gyaran darasin aikin hannu dai ba ya jiran kasafin kuɗi. Kayan aikinsa na zube a bayan kowace makarantar ƙauye, masu koyar da shi kuma suna cikin gari, maginin da ya tsufa da mai saƙar faifai da maɗinkin hula, waɗanda za su zo idan shugaban makaranta ya aika musu da girmamawa. Malamai su daina karɓar kuɗi ko kayan kasuwa a madadin aikin hannu, su sa kowane ɗalibi ya kawo abin da ya ƙera da kansa, ko da ya karkace, a ba shi maki a kan abin da ya lura da shi. Iyaye kuma, idan kun tarar da yaro ya ɓata riga da laka yana gina wani abu, ku tambaye shi mene ne kafin ku ɗauki bulala.